Jamus, Faransa ko Andalus: Hanyar da Ta Dace da Mai Hutu da Motar Haya

Wanda ya samu hutun mako guda, kuma yana son ganin tsofaffin garuruwan Turai masu ganuwa, da fadojin dutse, da ƙauyukan da jirgin ƙasa ba ya zuwa, babu abin da ya fi masa irin ya ɗauki motar haya ya tuƙa da kansa. Tuƙin ba zai zame masa baƙo ba, domin a Jamus da Faransa da Sifaniya duk hannun dama ake bi, kamar yadda ake yi a Nijar, da kuma Nijeriya tun 1972. Shi ya sa na ajiye fadojin Birtaniya gefe duk da kyansu, tunda koyon bin hannun hagu a ƙasar da ba a sani ba ƙarin kaya ne a kan kaya. Hanyoyi ukun da zan kwatanta kusan kamanninsu ɗaya a hotunan talla, amma sun bambanta ƙwarai wajen yawan tuƙi, da sau nawa mutum zai ɗaure jaka ya sauya masauki, da abin da zai samu ya ci.

Hanyar Jamus ita ce mafi sauƙi ga wanda bai taɓa tuƙi a Turai ba. Suna kiranta Romantische Straße, an tsara ta a 1950, tana tashi daga Würzburg ta ƙare a Füssen a gindin tsaunukan Alps, tafiyar kimanin kilomita 460, kuma akwai alluna masu launin ƙasa da ke nuna ta a mararraba. Ƙananan motoci ba sa biyan kuɗin hanya a Jamus. Garuruwa uku ne ƙashin bayanta: Rothenburg, Dinkelsbühl da Nördlingen. Na ukun ya fi burge ni, domin ganuwarsa tana nan cif a zagaye, mutum ya hau ta daga ƙofa ɗaya ya bi ta kanta har ya dawo inda ya fara, yana leƙen jajayen rufin gidaje da lambunan bayansu. Wanda ya ga yadda ruwan sama da gine-gine suka ci badalar Kano zai daɗe yana tunani a kan wannan ganuwa. Sai dai akwai abin da mai talla ba ya gaggawar faɗa: fadar Neuschwanstein, wadda hotonta ke kan kowace takarda, ba tsohuwar fadar yaƙi ba ce. Sarki Ludwig na Biyu ne ya fara gina ta a 1869 don sha'awa, ya rasu a 1886 ba a gama ba. Mai neman ta asali ya tsaya a Harburg, wadda tarihinta ya kai ƙarni na 12. Aibin wannan hanya shi ne miƙaƙƙiya ce, ba ta komowa inda ta faro, saboda haka kusan kowane dare sabon otal, kuma in aka ajiye motar a garin da ba nan aka ɗauke ta ba, akwai ƙarin kuɗi. Kantuna a rufe suke ranar Lahadi.

Kwarin kogin Dordogne a kudu maso yammacin Faransa akasin haka ne. Mutum zai kama gida ɗaya a Sarlat ko wani ƙauye kusa da shi ya kwance kayansa sau ɗaya, domin mafi yawan abin gani bai wuce tafiyar rabin awa ba. Fadar Beynac tana kan dutse a gaɓa ɗaya, ta Castelnaud tana ɗaya gaɓar, suna kallon juna tun zamanin Yaƙin Shekara Ɗari na 1337 zuwa 1453, lokacin da ta farko take hannun Faransawa, ta biyu kuma ta sha zama hannun Ingilishi. A Castelnaud an ajiye makaman wancan zamani, har da manyan majaujawun katako da ake jifan ganuwa da su, abin da yara ba sa gajiya da kallo. Domme, wanda aka kafa a 1281, yana can sama yana hangen kwarin, La Roque-Gageac kuma ya lafe tsakanin dutse da ruwa. Kasuwar Sarlat tana ci Laraba da Asabar, kuma mai gida da kicin zai sayi ƙwai da cuku da gyaɗar Turawa da kayan miya ya dafa abinsa, wanda hakan yana rage kashe kuɗi, yana kuma kawar da shakkar abin da ke cikin tukunyar wani. Ga mai tafiya da iyaye ko ƙananan yara, ban ga wadda ta kai ta ba, balle ga mutanen Nijar da Kamaru da Chadi masu jin Faransanci. Manyan hanyoyin da ake bi daga Bordeaux ko Toulouse na kuɗi ne, gidajen abinci na ƙauye kuma in ƙarfe biyu na rana ta wuce sun rufe sai dare.

Andalus, wato kudancin Sifaniya, ita ce nake ganin za ta fi shiga ran mai karatu Bahaushe, domin sunayenta ba baƙi ba ne a zaurukan malamanmu. Kurduba, wato Córdoba, garin Imam Kurɗubi mai tafsiri ne, Jayyan kuma, wadda Sifaniyawa ke rubutawa Jaén, nan aka haifi Ibn Malik na nahawu. Babban masallacin Kurduba, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785, ya koma majami'a tun 1236, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Gara a san haka tun daga gida, kada a je a yi jayayya da masu gadi. A Garnaɗa, wato Granada, wadda ta faɗi hannun Kiristoci a 1492, akwai masallacin da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaicín, wanda daga farfajiyarsa ake hango fadar Alhambra a tsallaken kwari. Tsakanin manyan biranen akwai fadar Almodóvar del Río a kan tudu, da garin Ronda da gadarsa, da fararen ƙauyuka irin Zahara da Grazalema da Setenil, inda aka gina gidaje ƙarƙashin dutse, har dutsen ya zame wa titi rufi. Tuƙin ya fi na Dordogne tsawo, domin daga Kurduba zuwa Garnaɗa kaɗai kimanin kilomita 200 ne, amma yawancin manyan hanyoyin kyauta ne, kuma masauki uku sun isa mako guda. Abubuwa biyu ne ke ɓata wannan tafiya. Na farko zafi: a Yuli da Agusta Kurduba takan haura digiri 40, kuma kada wani ya ce ai ya saba da zafin Sakkwato, domin a gida ba ya wuni yana hawan matakalar dutse da tsakar rana. Afrilu da Mayu da Oktoba su ne lokacinta. Na biyu tikitin Alhambra, wanda ake sayarwa da suna da lambar fasfo da sa'ar shiga, kuma yakan ƙare makonni kafin ranar. Shi ake fara saya, sannan a ɗora sauran tafiyar a kansa.

Toskana ta Italiya, da Siena da San Gimignano, ba ta gaza waɗannan kyau ba, amma tsakiyar garuruwanta cike take da yankunan da aka rubuta wa ZTL, wato waɗanda aka taƙaita shigar motoci, inda kyamara ke ɗaukar lambar baƙuwar mota, tarar kuma ta biyo mutum bayan watanni. Ban ba sabon shiga shawararta ba.

Bayan hanya sai yadda za a saya. Kamfanoni suna sayar da tafiyar a dunƙule, mota da otal da taswira, kuma amfanin hakan ga mai neman biza shi ne takardun masauki suna zuwa a jere, ba giɓi. A hanyar Jamus mai otal biyar ko shida, wannan ya cancanci ƙarin kuɗinsa. A Dordogne kuwa asara ce, tunda gida ɗaya da mota ɗaya kowa zai iya kamawa da kansa ta intanet. Bizar Shengen, wadda ake shiga duk ƙasashen nan da ita, yuro 90 ce ga babba tun Yunin 2024, ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ana neman ta a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta.

Wajen motar ne Bahaushe ya fi yin kuskure, domin mun saba ganin babbar mota a matsayin mutunci. Lungunan waɗannan garuruwa don alfadarai aka yi su, akwai inda sai an naɗe madubi kafin a wuce, saboda haka a ɗauki mafi ƙanƙanta da za ta ɗauki mutane da jakunkuna. Mai giyar hannu ta fi araha, otomatik kuma sai an kama ta da wuri. A teburin haya za a nemi lasin gida tare da na ƙasa da ƙasa, da katin bashi mai sunan direban, domin kamfanoni da yawa ba sa karɓar katin cire kuɗi wajen riƙe jingina. Inshorar da ke cikin farashin talla takan bar wa direba biyan kason farko na kowace ɓarna, wanda sau da yawa yakan kai yuro 1,000, don haka wadda ta shafe wannan kason gaba ɗaya ita ce abin saye, musamman a Andalus. Kafin a tashi a zagaya motar da waya, a ɗauki hoton kowane ƙarzane da tayoyi da allurar mai, a zaɓi yarjejeniyar karɓa a cike a mayar a cike. A gidan mai kuma a karanta abin da ke jikin murfin tanki kafin a ɗaga bututu: a Faransa gazole shi ne man gas, essence shi ne fetur, a Sifaniya kuwa gasóleo ne gas, gasolina fetur, kuma yawancin inshorar haya ba ta biyan gyaran injin da aka zuba wa man da ba nasa ba.