Na kai komik ɗina wurin mai ɗinkin littafi a Kurmi

Daminar bara ce ta tilasta mini. Wata Asabar cikin watan Agusta na buɗe adakar da nake ajiye komik ɗina, wato mujallun nan na labari cikin zane, warin danshi ya buge ni. Na ɗago na sama lafiya, na biyu lafiya, ina kaiwa tsakiya gabana ya faɗi. 'Yar wayar nan guda biyu da ake ɗinke tsakiyar kowace fitowa da ita ta yi tsatsa, tsatsar ta ci takarda ta bar jan tabo kamar na goro. Wasu ma shafin tsakiya ya ɓalle gaba ɗaya, yana yawo cikin adakar.

Abin da ke cikin adakar nan yana da girma a raina. Akwai Supa Strikas fitowa 58, waɗanda na fara tarawa tun ina ƙaramar sakandare, ina hana cikina kuɗin tara don in saya wurin mai jarida. Duk yaron da ya taso a shekarun 2000 yana son ƙwallo ya san Shegs Okoro, wanda a can Afirka ta Kudu, inda ake yin mujallar, Shakes suke ce masa. Sai Black Panther na Ta-Nehisi Coates, fitowa ta 1 zuwa ta 12, wanda kamfanin Marvel ya fara fitarwa a Afrilun 2016 da zanen Brian Stelfreeze. Yayana da ke aiki a Ingila ne ya riƙa saya mini wata-wata, da suka cika ya ba wani mai zuwa gida ya taho mini da su. Ragowar tsintuwa ce daga tarin gwanjon littattafai na Sabon Gari, yau ka samu fitowa ta 7, ta 8 kuwa sai Allah ya yi.

Ga wanda bai saba ba, komik iri biyu yake zuwa. Akwai ɗai-ɗai, siririyar mujalla mai shafi wajen 32 har da talla, wadda ke fitowa duk wata. Akwai kuma kundi, inda kamfani ke haɗa fitowa huɗu zuwa shida ya buga su littafi guda mai kauri, babu talla. Wancan labarin na Coates, alal misali, kundi uku aka yi shi, kuma a na farkon har sun saka tsohuwar fitowar Fantastic Four ta 52, ta shekarar 1966, inda Stan Lee da Jack Kirby suka fara fito da jarumin. Kundi ya fi araha, ya fi jure hannu, yana tsayawa a kanta kamar kowane littafi. Amma ɗai-ɗai na da abin da kundi ba ya da shi: bangonta, wasiƙun masu karatu a baya, har tallan da ke tuna maka shekarar da ka saye ta. Tunanina shi ne in samu wanda zai mayar mini da ɗai-ɗai ɗina kundi, in ci riba biyu.

Na fara zuwa wurin masu ɗinka wa ɗalibai furojet a gefen tsohuwar jami'a. Da na ga yadda aikinsu yake, a huda gefen takarda, a zuba gam, a matse, sai na tattara kayana. Aikinsu daidai ne ga takardar da ke da fili a gefe. Komik kuwa zane ne har bakin shafi, wani lokaci hoto ɗaya ya mamaye shafi biyu, in aka huda gefe an cinye tsakiyarsa. Wani abokin aikina, malamin Arabiyya a makarantarmu, shi ya ce in shiga birni, akwai wani dattijo a ɓangaren masu littattafai na kasuwar Kurmi ta Kano da ke gyara masa tsofaffin littattafan mahaifinsa.

Rumfar ƙarama ce, mutum uku in sun zauna ta cika. Tabarma, ɗan benci, tarin kwali a kusurwa, fatu a rataye, basilla da zare da gwangwanin gam. Kasuwar da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kana shiga lungunanta ka san ba a gaggawa a nan. Na yi sallama, na durƙusa muka gaisa, na buɗe jakata. Baba ya sa tabarau ya ɗauki Supa Strikas ɗaya, ya bi ta shafi-shafi har ƙarshe bai ce komai ba. Sannan ya ce, “Ɗana, labarin 'yan ƙwallo ne?” Na ce eh, Baba. Ya ce to zai yi, amma ba zai haɗa su wuri ɗaya da littattafan addini ba, a kan benci daban zai yi aikinsu, kuma in yi haƙuri sai ya gama wani Alƙur'ani da ke gabansa. Wannan magana ta kwanta mini. Mutumin da ya san matsayin kowace takarda ba zai wulaƙanta tawa ba.

Ban ba shi duka ba. Na ware Supa Strikas guda 20, waɗanda tsatsa ta fi ci, na jera su bisa lamba, muka yi ciniki a naira 9,000 da bangon fata. Ya ce mako biyu. Sai da aka yi mako huɗu, na je sau biyu na dawo hannu rabbana. Ba ya riƙe waya a rumfa, don haka sai dai ka taka da ƙafarka, ka biya kuɗin adaidaita ka sha cunkoson bakin kasuwa. Wanda zai kai aiki ya sa wannan cikin lissafi.

Ranar da na karɓa, ɗinkin kansa ya wuce yadda na zata. Ya cire wayar kowace fitowa, ya kankare tsatsar, inda takarda ta ɓurme ya liƙa siririyar farar takarda ta ciki. Sannan ya ɗinke kowace fitowa da zare ta cikin ninkinta, ta tsakiya, kafin ya haɗa ta da ta kusa da ita. Amfanin wannan shi ne littafin na buɗewa ya kwanta shimfiɗe a kan tebur, hoton da ya ratsa shafi biyu ka gan shi cikakke, babu abin da ya nutse a tsakiya. Kundin kamfani da yawa da gam kawai ake haɗa su, in ka danne su da ƙarfi gadon bayansu ya tsage, balle sun sha zafin Afrilu na Kano. Nasa na buɗe shi, na rufe, na girgiza, ko shafi ɗaya bai motsa ba. Bai cire bango ko ɗaya ba, duk ashirin ɗin suna ciki, kowace fitowa na farawa da fuskarta.

Amma da na duba baki sai raina ya ɓaci. Bayan ɗinki, gefen takardu ba ya zuwa daidai, wata ta ɗan fito wata ta ɗan shige. Yaron da ke taya shi ya kai kundin wurin masu injin yanka aka daidaita bakin, kamar yadda suke yi wa kowane littafi. A littafin rubutu zalla farin fili kawai ake yankewa. A nawa wuƙar ta shiga zane. Fitowa uku sun rasa lambarsu ta saman bango, kuma a wani shafi an datse ƙarshen maganar mai horarwa, kalma biyu sun tafi. Na san kalmomin da ka, na karanta shafin ya fi sau talatin, amma 'ya'yana ba za su gan su ba.

Na nuna masa. Bai yi musu ba, bai kuma ɗora wa yaron laifi ba. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, “Laifina ne, ɗana, da na ce a bar bakin. Ban lura zanen ya kai ƙarshe ba.” Ya zaro naira 2,000 ya miƙo mini. Na ƙi karɓa, ya ce to ya zama ragi a aiki na gaba. Abin da ya yanku ba ya dawowa, kuma har yau in na kai shafin nan sai na ji shi a ƙirjina. Duk da haka, tsakani da Allah, ban taɓa kai aiki wani wuri aka karɓi kuskure da wannan sauƙi ba.

A wannan zaman ne na fito da Black Panther ɗin, ina shakka. Ya taɓa takardar, mai santsi da sheƙi, ya duba wayar ya ga ba ta yi tsatsa ba, ya tambaye ni ko ana samun irinsu a nan. Na ce daga waje aka kawo. Ya ce, “To kada a ɗinke. Abin da yake lafiya ba a sa masa allura. Tadarishi zan yi maka.”

A nan ne na samu abin da ya sa nake wannan rubutu. Alƙur'anin da alarammominmu ke rubutawa da hannu ba a ɗinke shi. Warƙa-warƙa yake, a jera a tsakanin kwali biyu, a naɗe da tadarishin fata mai harshe da igiya, sannan a saka cikin gafaka a rataye. Da haka littattafai suka yi shekaru aru-aru a garin nan, cikin ƙura da damina. Masu tara komik a Amurka suna saka kowace fitowa cikin leda da farin kwali a bayanta, su jera cikin dogon akwatin kwali, duk don kada a taɓa asalin abin, domin fitowar da aka ɗinke ko aka yanke ta rasa darajarta wurin masu saye. Ashe manufar ɗaya ce da ta tadarishi, kuma tamu ta riga tasu da nisa. Ni da na yi shekaru ina tunanin yadda zan yi odar akwatin nan da kuɗin dala, maganin yana nan cikin birni.

Ya auna fitowa ɗaya da zare, faɗi wajen santimita 17, tsawo 26, ya ƙara yatsa guda ta kowane gefe. Fatar jar akuya ya sa, jimar bagaruwa, irin wadda fatake suka riƙa ketara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Na gaya masa damuwata biyu: rinin fata na iya zuba a kan takarda in ya ji danshi, kuma kwalin kasuwa na sa takarda ta yi ja in sun daɗe a manne. Ya saurara da kyau. Sai ya shimfiɗa farin yadi a cikin tadarishin, ya lulluɓe kwalayen da shi, yadda babu inda fata ko kwali zai taɓa mujalla. Ni kuma na saka kowace fitowa cikin ledarta kafin in jera. Tadarishi da gafaka naira 14,000 ya ce, ya cire dubu biyun nan, na biya 12,000. Wannan karon kwana goma sha ɗaya ya yi.

Hunturu ya zo ya wuce, ƙurar da ke shiga ko'ina a ɗakina, har cikin adaka, ba ta shiga gafakar ba. Tana rataye a ƙusa, nesa da ƙasa, inda gara da ɓera ba sa kaiwa. Aibinta ɗaya: sabuwar fata na da wari mai ƙarfi, sai da na shanya ta a inuwa kwana biyar kafin in saka komai. Kuma ba ta ɗaukar fiye da fitowa 15 ba tare da ta takura ba, mai tari da yawa zai buƙaci gafaka da yawa, kuɗin kuwa zai taru.

Ba kowane komik ne ke buƙatar Baba ba. Malika na Roye Okupe, wadda ya gina kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, bugun kamfanin Dark Horse na 2021 nake da shi, kundi ne tun daga kamfani, yana tsaye a kanta lafiya lau. Wanda labari kawai yake so ya karanta, ya sayi kundi ya huta, musamman yadda fitowa ɗaya a Amurka ke kaiwa dala huɗu zuwa biyar kafin kuɗin kawowa. Ɗinki na waɗanda suka riga suka jigata ne, waɗanda in ba a ɗinke ba za su watse. Masu lafiya kuwa, ko waɗanda kake jin wata rana za ka sayar, tadarishi.

Saura Supa Strikas 38 a adaka, sha tara cikinsu tsatsa ta fara kama su. Na riga na jera su, zan kai bayan Sallah kafin ruwa ya sauka. Na rubuta takarda da ajami da boko, na liƙa a saman ƙullin yadda yaron ma zai gani: kada a yanke baki, ko da bai daidaita ba.