Kwanon sarki ko baro: wanne ya fi cin jikin mai dakon dutse?

A wuraren fasa dutse irin na Mpape a Abuja, kwanon sarki ya fi sauƙin samu. Arha gare shi, kuma yana hawa tudun da taya ba ta iya bi. Sai dai nauyin duk a wuya yake sauka, ya bi ƙashin baya har ƙugu. Gammo fatar kai kawai yake karewa. Ga sunkuyon ɗauka, sau nawa a wuni? A kwana a tashi sai ciwon wuya da sagewar hannu.

Baro kuwa taya ce ke ɗauke yawancin nauyin. Nasa cizon a kafaɗa da wuyan hannu yake, musamman in an cika shi ya yi tozo ko hanya ta yi gargada. In ƙasa a shimfiɗe take, ni dai baro zan kama.