Sabis ɗin fassarar taruka na wani yaro a Riyad, ga yadda na gan shi

Jama'a wanda ke son bin tarukan manyan duniya amma turanci ko larabcin boko na ba shi wahala, akwai wani ɗan Kano a nan Riyad da ke turo taƙaitaccen bayani da murya ta WhatsApp, riyal goma a wata. Na shiga ne lokacin taron COP16 na yaƙi da kwararowar hamada a Disamba 2024, wallahi yaron ya iya, ya fayyace yadda ƙasashen Afirka suka dage sai an yi yarjejeniya mai ɗaure kowa kan fari, wasu manyan ƙasashe suka ce a'a a bar shi tsari kawai, aka kai har asuba ba a daidaita ba aka tura maganar zuwa taro na gaba a Mongoliya a 2026. Ministan muhalli na Saudiyya Alfadli shi ya shugabanci zaman, kuma an yi alƙawarin sama da dala biliyan 12, amma yaron bai ruɗe mu ba, ya ce alƙawari ne tukuna, manomin Yobe ko Gadarif ta Sudan bai ga ko sisi ba.

Inda ya gaza, muryar kan zo a makare wani lokaci ƙarfe biyun dare, ga ƙarar mota a baya, kuma in ya fara yabon Ibrahim Thiaw, shugaban hukumar yaƙi da kwararowar hamada ta Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, sai ka ce kawunsa ne. Tambaya kuwa sai ka jira kwana biyu kafin ya amsa. Duk da haka ni dai zan sabunta.