C++/CLI ko P/Invoke: wanne zai kai ajin C++ cikin C#?

Malam, ga tambayarka yadda na fahimce ta. Kana rubuta wa wata makaranta a nan Sakkwato manhajar rajistar zuwan ma'aikata da C#, na'urar ɗaukar zanen yatsa kuma ta zo da laburaren C++. A cikinsa akwai aji wanda ƙwarangwal ne kawai: ayyukansa virtual ne marasa jiki, kai ake jira ka gaje shi ka cike su, laburaren ya riƙa kiransu duk sanda aka ɗora yatsa. To ta wace hanya za ka bi?

Ajin C# ba ya gadon ajin C++. Shi .NET, wanda C# ke gudana a kansa, yana da mai kwasar shara da ke share abin da aka daina amfani da shi, yana kuma matsar da abubuwa a cikin memori yadda ya ga dama, C++ kuwa adireshin da aka ba shi yake riƙewa. Don haka kowace hanya ka ɗauka sai ka rubuta ƙaramin aji na C++ da zai gaji ƙwarangwal ɗin, ya zama dillali kamar na kasuwar dabbobi ta Illela, ya karɓi magana daga wannan ɓangare ya miƙa wa wancan. Inda hanyoyin suka rabu shi ne yadda dillalin zai isa ga C#.

A C++/CLI, wanda ya zo da Visual Studio 2005 kuma aka daidaita shi da sunan ECMA-372, C++ ne da aka ƙara masa iya magana da .NET, don haka C++ na asali da rubutun .NET suna zama a fayil ɗaya. Za ka rubuta ref class, wato ajin .NET, mai ayyuka irin na ƙwarangwal ɗin, shi C# zai gada. Dillalin ya riƙe shi da gcroot, abin da C++ ke riƙe abin .NET da shi, wanda ke cikin vcclr.h, kowane kira ya wuce kai tsaye. Kwamfaila, mai juya rubutunka ya zama manhaja, na duba maka nau'in bayanai, kuma kana iya bin kuskure daga C# har cikin C++. Idan ajin na da ayyuka da yawa, ko yana miƙa std::string da std::vector, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Aibinsa guda ne amma babba: Windows kaɗai yake aiki, ko bayan da .NET Core 3.1 ya karɓe shi a 2019.

P/Invoke kuwa, hanyar da C# ke kiran ayyukan laburare daga waje, bai san aji ba sam, ayyuka irin na C kawai yake gani. Sai ka buɗe ƙofofi da extern "C": ɗaya ta ƙirƙiri dillalin ta dawo da adireshinsa, ɗaya ta rushe shi. Kowane aikin virtual ya koma adireshin aiki da C# zai miƙa, ta hanyar delegate, abin da ke nuni ga aiki a C#, ko UnmanagedCallersOnly tun daga .NET 5. Rubutun ya fi yawa, kuma in ka saɓa tsarin kira, cdecl da stdcall a Windows mai bit 32, kwamfaila ba zai faɗa maka ba, manhaja na iya faɗuwa kawai. Amma zai yi aiki a Linux, har kan Raspberry Pi. SWIG, wata manhaja mai haɗa C++ da wasu harsuna, na iya haifar maka da wannan rubutun da abin da yake kira directors, in ajujuwan sun yi yawa.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne tsawon rai. A P/Invoke, idan ba ka adana delegate ɗin a wani wuri mai ɗorewa ba, mai kwasar shara zai tafi da shi, na'urar ta kira adireshin da babu kowa, manhajar ta rufe ana tsakiyar layin safe. A C++/CLI matsalar ta juye: gcroot na hana a kwashe abin C# ɗin da ya riƙe, don haka sai ka share dillalin da kanka a Dispose, aikin da C# ke kira don sakin abin da aka gama da shi, in ba haka ba memori ya yi ta cika. A duka biyun, kada ka bar exception, wato kuskuren da aiki ke jefowa, ya tsallaka iyakar harsunan biyu, kama shi a cikin aikin da aka kira.

Ni dai a aikinka C++/CLI zan ɗauka, muddin kwamfutar ofishin makarantar Windows ce kuma laburaren ma na Windows aka ba ka. In akwai shirin maida rajistar kan ƙaramar na'ura mai Linux saboda ta fi jure wa batir da sola, fara da P/Invoke tun yanzu, amma ka tambayi masu na'urar ko suna da laburaren Linux kafin ka rubuta layi ko ɗaya.