Sienna 'yar 2005: injin na da ƙarko, amma ba ya yafe zafi

Motar da zan yi sharhi a kanta Toyota Sienna ce ƙirar 2005, LE, mai kujeru takwas, wadda tayoyin gaba ke ja. 'Yar Kwatano na saya, kuma na daɗe ina amfani da ita wajen kai yara makaranta a cikin Kano da tafiye-tafiyen zumunci zuwa Katsina, Zariya da Kaduna. Hukuncina tun daga farko: mota ce mai amana, amma ga wanda ya yarda cewa tsohuwa ya saya, ya kuma ware kuɗin gyara kafin ya fara tunanin fenti da sabon rediyo. Yawancin labaran da nake ji a gareji na cewa injin Sienna ya mutu, in ka bi diddigi, zafi ne ya kashe shi, kuma zafin da za a iya kare shi.

Sienna ta 2004 zuwa 2006 tana ɗauke da inji V6 mai lita 3.3, wanda ake kira 3MZ-FE. Daga 2007 zuwa 2010 jikin bai canza sosai ba, amma an saka mai lita 3.5, wato 2GR-FE. Bambancin da ya fi shafar aljihu shi ne na farkon yana aiki da bel ɗin tayimin na roba, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin inji, na biyun kuma da sarƙa. A jihar Indiana ta Amurka ake haɗa su, saboda haka lambar da ke kan mita mil ce. Wannan na rikita mutane da yawa. In ka ga 180,000, to motar ta ci kusan kilomita 290,000 kafin ta hau jirgin ruwa, in ma ba a taɓa mitar ba.

Bel ɗin tayimin an ƙayyade a canza shi duk mil 90,000, kusan kilomita 145,000. Wanda ya sayar maka ba zai iya gaya maka yaushe aka canza na ƙarshe ba, sai dai in ka ci sa'a akwai 'yar takarda manne a jikin murfinsa. Tawa babu. Da bakanikena ya buɗe, bel ɗin ya fara tsattsagewa, famfon ruwa kuma yana tsiyaya, ga busasshen ruwan sanyaya inji mai launin hoda ya taru a ƙarƙashinsa. Wannan bel ɗin ne ke juya famfon ruwan, don haka hankali ya ce a canza su tare da tenshina, wato abin da ke ɗame bel ɗin, da sil-sil ɗin gaba masu hana yoyon mai a buɗewa ɗaya. Wanda ya canza bel kaɗai don ya rage kuɗi zai sake biyan aikin hannu nan ba da daɗewa ba. Kuma in ya tsinke kana gudu a tsakanin Kwanar Ɗangora da Zariya, ƙaramin abin da zai same ka shi ne neman motar ja. Babban shi ne bawul su lanƙwashe.

Lagireto ne ya fi ba ni tsoro a wannan mota. Tankunan nawa roba ne, tsakiyarsa alminiyam, kuma robar da ta shekara ashirin tana ɗumi tana sanyi takan gaji. Nawa ya fara ne da siririn tsagu kusa da bakin zuba ruwa, abin da ido ba zai kama ba sai inji ya ɗau zafi. Alamar kawai ita ce ruwan tanki yana raguwa kaɗan kaɗan. Aka ce a liƙe da gam, na ƙi, na sa sabo tare da murfi da manyan tiyo biyu. Dalilina shi ne injin nan gaba ɗayansa alminiyam ne. Allura ta hau ja sau ɗaya, ka ce bari in ƙarasa gida, to gaskit ɗin kan inji na iya ƙonewa, kan ma ya karkace. Daga nan sai fira da sauke inji, kuma a ganina injin da aka taɓa yi wa wannan aiki a gefen titi ba ya komawa yadda yake. Ga kuma wani haɗari: man giya yana bi ta cikin lagireton don ya huce, in ya ɓalle daga ciki ruwa na iya gauraya da man giya, asara biyu ke nan.

A nan ne nake da saɓani da kanikawa da yawa, har da waɗanda nake girmamawa. Da mota ta shigo, abu na farko shi ne a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya ɗau zafi, a haɗa fanka kai tsaye, a cika da ruwan famfo. Hujjarsu, "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, nan ba Turai ba ce." Na fahimci inda maganar ta samo asali, domin tamostat ɗin da ya mutu a rufe yakan dafa inji. Amma maganin mataccen tamostat shi ne sabon tamostat. In babu shi inji kan daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, musamman da safe a lokacin hunturu, kwamfutar motar ta yi ta ƙara fetur, shan mai ya ƙaru. Ruwan famfo ko na rijiya kuwa yana cin alminiyam, yana toshe ƙananan hanyoyin lagireto, sannan ya fi saurin tafasa. Tun da na mayar da tamostat na koma ruwan sanyaya inji mai launin hoda, allurata ba ta wuce tsakiya ba, ko a cunkoson Kantin Kwari a watan Afrilu da esi a kunne. Kada kuma a manta da bututun hita ta baya da ke bi ta ƙarƙashin motar. Su ma ruwan inji ne a cikinsu, suna ruɓewa, kuma ba kowa ke leƙa su ba.

Yoyon baƙin mai ya zo mini ta gaskit ɗin murfin bawul, na bayan, wanda ke fuskantar direba. Za ka ji ƙaurin mai in ka tsaya, domin yana ɗiga kan salansa. Gaskit ɗin ba shi da tsada, isa wurin ne aiki, sai an ɗaga abin da ke raba iska a saman inji. Fulogi uku na baya ma a can suke, shi ya sa wasu masu sabis kan canza na gaba uku su rufe bonet. Ka tsaya a kansu, ka ga tsofaffin fulogi shida a hannunka. Kuma tunda an buɗe, a yi gaskit da fulogi da duk koyil ɗin da ya yi rauni a lokaci ɗaya. Baƙin mai 5W-30 aka rubuta a kan murfi, shi nake sa wa. Mai kauri da ake zuba wa tsofaffin motoci yana ɓoye ƙara, amma injin nan yana da tsarin VVT-i mai sauya lokacin buɗewar bawul, wanda ke aiki da matsin mai ta ƙananan ramuka. Wanda zai sayi tsohon ƙira na 1998 zuwa 2002 ya ƙara lura, domin injinsu mai lita 3.0 ya yi suna wajen daskarewar mai in ana jinkirta sabis.

Giyar mai hawa biyar ce, kuma tana da wata ɗabi'a da masu ita a Amurka ma suka yi ta kuka da ita: in ka rage gudu a shataletale ka sake taka totur, takan yi ɗan jinkiri kafin ta kama. Na saba da wannan, ba lalacewa ba ce. Abin da ke lalata ta shi ne man da ba nata ba. Ta 2004 zuwa 2006 tana shan T-IV, daga 2007 kuma WS, kuma jan launi bai isa shaida ba. A kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa akwai na gaskiya akwai jabu a gwangwani iri ɗaya, don haka na tsaya ga mai shago ɗaya da na amince da shi. Girgizar da na taɓa ji lokacin saka giya ashe ba giyar ba ce, robar da inji ke zaune a kanta ce ta yage.

Wutar inji kan kunnu a kan allo, kuma ba na yarda a cire kan batir don a kashe ta. A sa na'ura a karanta. Tawa ta nuna firikwensin da ke jin bugun inji, wanda ke kwance can cikin kwarin V ɗin, wayarsa ta bushe da zafi. Kafin a gyara, motar ta yi nauyi a hawa. Sannan mai saye ya sa a duba masa indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, kafin ya biya, don ana yashe ta a sayar, a bar shi da ƙara da wari da wutar da ba ta mutuwa.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna da ban haushi. Igiyar ƙofar gefe mai buɗe kanta ta tsinke, na kashe makunnin na koma buɗewa da hannu, kuma ban yi nadama ba. Dashbod ya tsage saboda rana, kamar na kusan kowace Sienna ta wannan zamani da na leƙa. Abin da ba ƙarami ba shi ne tsatsar ƙasa. Jihohin arewacin Amurka suna watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma a 2010 kamfanin ya kira Sienna kusan 600,000 don gyara saboda igiyar da ke riƙe safaya a ƙasa tana ruɓewa har tayar ta faɗo a hanya. A hau da motar kan rami, a duba wannan igiya da bututun burki. Mai son wadda tayoyi huɗu ke ja ya sani ba ta zuwa da safaya ko kaɗan.

Shan mai kuwa, V6 ce mai nauyi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 na rage shiga cikin gari da ita in ni kaɗai ne, amma a doguwar hanya da mutum takwas lissafin yana fita. Cikinta faɗi ne da shi, esin baya yana kai wa yara, kujerun ƙarshe suna nutsewa cikin daɓe in ana son ɗaukar buhuna. Sai dai ba ta da tsayi daga ƙasa, kuma in aka yi mata lodin da 'yan haya ke yi, shokozoba da robobin ƙafa ba sa daɗewa.

In magidanci mai iyali ya tambaye ni, zan ce ya saya, ya fifita ta 2007 zuwa sama in kuɗinsa sun kai, don ya huta da batun bel. In ta 2004 zuwa 2006 ce ta samu, ya je da bakanikensa da sassafe ya ga tashinta a sanyi, ya buɗe murfin lagireto kafin a kunna ya duba ko akwai mai a ruwan, ya bar ta tana aiki da esi rabin sa'a yana kallon allura. In ya biya, kada ya hau hanyar Kaduna da ita sai an canza bel, famfon ruwa, tamostat da lagireto.