Asabar da Lahadi da iyali: a tsaya Sakkwato ko a tafi Kano?

Malam, ka ce aiki ya dawo da kai Sakkwato bara, iyali sun biyo ka, kuma kana son ka fita da su hutun ƙarshen mako, a ci mai daɗi, a sha, a ga gari. Kana tambaya ko ku tsaya nan ko ku leƙa Kano. In dai Asabar da Lahadi ne kawai a hannunka, ni na ce ku tsaya.

Hanya ce ta fara raba gardamar. Daga nan zuwa Kano ya haura kilomita 500, ta Talata Mafara da Gusau da Tsafe da Funtuwa, kuma kowa ya san halin da hanyar Zamfara take ciki, ba mai hankalin da zai bi ta da dare, balle da mata da yara. Ke nan Asabar ta tafi a mota, Lahadi ma dole ku kamo hanya da sassafe. Abin da ya rage muku a Kano dare ɗaya ne da ciwon baya. Sakkwato kuwa kuɗin man da za ka ƙona ya ishe ku nama da tsaraba, har da canji.

Amma gaskiya ɗaya ce, wajen yawan abin kallo Kano ta fi mu. A yini guda za ka hau Dutsen Dala ka hango birni, ka sauko ka shiga Gidan Makama, ka ga ƙofar Gidan Rumfa, ka wuce marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Yara ma suna da gidan namun daji na Audu Bako. Kano gari ne na ido: ko ba ka san tarihin komai ba, za ka ga abin da zai tsayar da kai.

Namu ba haka yake ba. Wuraren Sakkwato ba su da ƙawa sosai, sai mutum ya san abin da ya faru a wurin kafin ya ji nauyinsa. Shi ya sa baƙi da yawa suke shekara a garin nan ba su wuce ofis da kasuwa ba. Fara da Hubbaren Shehu, ka je da hantsi kafin rana ta ɗaga. Za ku cire takalma a ƙofa, ku tarar da masu ziyara sun riga ku, tsofaffin mata daga ƙauyuka da ƙullin kayansu, da mutanen Nijar da suka ƙetaro ta Illela. Nan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo yake kwance tun 1817, kuma a harabar akwai kabarin 'yarsa Nana Asma'u da na wasu sarakunan Musulmi. Ka bar mai jagora ya yi muku bayani, kada ka yi gaggawa, kuma ka tanadi ƙananan kuɗi a aljihu, don masu neman sadaka ba su da kaɗan. In mai ɗakinka tana da sha'awar karatu, tarihin Asma'u da 'yan taru da ta riƙa aikawa ƙauyuka suna karantar da mata ya ishe ku hirar yini.

Daga nan Masallacin Shehu ba nisa, sai Kanwuri da fadar Sarkin Musulmi, sai Masallacin Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya kafa garin a 1809. Duk a cikin tsohon gari suke, ba sai ka wahalar da mota ba. Akwai kuma gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda aka adana littattafan hannu na Larabci da ajami da kayan yaƙi, sai dai ma'aikatar gwamnati ce, don haka ranar aiki ta fi dacewa da ita, ko ka yi magana da su tun kafin Asabar. Ka nuna wa yara Giginya ma. Su filin ƙwallo suka sani, alhali a wajen nan ne aka kara da Turawa a watan Maris na 1903, makonni kaɗan bayan sun ci Kano, har Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas. Wurno, inda kabarin Bello yake, na bar ta gefe. Wurin ya cancanci zuwa, amma sai ka tambayi 'yan garin halin hanya a ranar.

Abinci kuwa nan ne zan ɓata wa 'yan garinmu rai kaɗan. Kano ta fi mu kala-kala. Gurasa kaɗai ta isa hujja: a tsoma ta a ruwa, a barbaɗa ƙuli da yaji, a zuba mai da albasa, bandashe ke nan, kuma duk wadda za a yi maka a wani gari ba za ta kamo ta Kano ba. Ga gidajen abinci na zamani, har da na Larabawa, inda za ka zauna da iyali cikin sanyi a kawo muku takardar zaɓi. Irin waɗannan muna da su a nan, amma ba su da yawa, kuma in burinka ke nan za ka ƙare su da wuri.

Abin da muka fi su shi ne nama da fura. Ƙasar dabbobi ce, don haka balangun yamma ba ya buƙatar dabara: ka tsaya kan mai nama bayan magariba, ka nuna masa wurin da kake so da kanka, gefen haƙarƙari mai ɗan kitse, ya yanka a gabanka, ya cika takardar da albasar da aka noma a fadamun nan. Fura kuma kada ka sayi wadda aka dama aka ƙulla a leda. Ka nemi mai nono ta dama a ƙwarya kana gani, ka ce ta rage ruwa, sukari kuma ka zuba da hannunka. Ludayi biyu za ka ji citta da kanumfari sun taso. Wanda ya sha wannan da azahar ba ya neman tuwo sai dare, kuma tuwon shinkafar nan da miyar kifi ba abin rainawa ba ne. Zoɓo da kunun aya dai duk ɗaya ne, nan da can.

Kasuwa ta Kano ce, babu ja. Atamfa da leshi sai Kantin Kwari, kayan gargajiya sai Kurmi, kuma in uwargida ta ji sunan Kwari ina jin shawarata ta sha ruwa. Namu abin alfaharin fata ce. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Ka shiga wurin dukawa ka sayi takalmi ko jaka ko tumtum, ka shinshina, ka duba ɗinki, ka yi ciniki sosai.

Sai zafi. In a watan Afrilu za ka yi wannan yawo, rana tana haura digiri 40, don haka ku fita bayan asuba, ku koma gida kafin azahar, sai la'asar sakaliya ku sake fitowa. Disamba da Janairu sun fi, duk da ƙurar hunturu. Cunkoson motoci ba mu da irin na Kano, kuma wannan ma hutu ne.

Da ni ne, Asabar ta tsohon gari ce da kasuwa da balangu. Lahadi in kuna son ku ji kun yi tafiya, Argungu kilomita 100 ce ko kusa da haka: ku ga gidan tarihi na Kanta, ku tsaya bakin Matan Fada inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ku ci kifi, ku dawo kafin magariba. Kano ka ajiye ta sai ka sami kwana huɗu a jere, kamar hutun Sallah, lokacin ma ka haɗa da hawan Daushe in an yi shi.