Cocin Kilpeck: ƙarami ne, amma ku tafi da lokaci

Na je Kilpeck, wani ƙauye a Herefordshire ta Ingila, dab da iyakar Wales, da niyyar leƙa cocinsu na minti goma. Sai da na shafe awa biyu.

An gina shi wajen shekarar 1140 da jan dutse, zamanin Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi. Ginin kashi uku ne a jere: wurin zaman jama'a, wurin limamai, sai ƙurya mai lanƙwasa kamar rabin ƙwarya ta gabas. Cikin ba wani ado sosai, kuma akwai sanyi, ku riƙe rigar ɗumi.

Abin kallon yana waje. Ƙofar kudu ta sha sassaƙa: macizai sun nannaɗe jikin ginshiƙai, ga mayaƙa biyu cikin sarƙaƙƙiyar rassa, ga itaciyar rai a saman ƙofa. Ƙarƙashin rufi kuwa, duwatsu fiye da 80 sun zagaye ginin, kowanne da irin sassaƙarsa. Wanda ya fi burge ni shi ne kare da zomo kafaɗa da kafaɗa, idanu zuru-zuru, kamar an kama su suna gulma. Akwai kuma wata siffar mace da ta sa na sunkuyar da kai, ban taɓa zaton ganin irinta a bangon wurin ibada ba.

Shiga kyauta ne, akwai akwatin gudummawa. Wuyana ya yi tsami da ɗaga kai, na yi da-na-sanin barin madubin hangen nesa a gida. Kufan wani tsohon gida mai ganuwa na Normawa na nan bayan maƙabarta, taku kaɗan ne.